Littafin da Baba Ke Buɗewa Ta Baya

"Baba, ai ta baya kuke buɗe shi!" ta ce tana dariya, ita mai sabon karatun boko.

Kullum mahaifinta ya taso daga kamfanin fata a Challawa, sai ya buɗe littafin daga dama, yadda ya saba da Alƙur'ani, ya karanta mata labarin yarinyar da littattafai ke yi wa magana.

Ya yi murmushi, ya miƙa mata. "To Malama, ƙarasa mana."

Ta duba shafi-shafi. Bayanin gyaran inji ne zalla. Ashe bai iya karatun boko ba, shi ke ƙago labarin.

Daga ranar bai ƙara ba. Ga ta yau da jikoki, wallahi ba ta san yadda yarinyar ta ƙare ba.