Ɗalibin da Ya Zauna a Ajin da Ba Nasa Ba

Malam Sallau, tunda ka ce 'yarka tana shekarar farko a jami'a, ba a ba ta sashe ba tukuna, kuma idonta na kan injiniya, gyara zama in ba ka misali. Na fi shekara ashirin ina riƙe da takardun jarrabawa, na ga irin wannan har na gaji da gani, amma akwai guda ɗaya da har yau yake ci mini rai.

Wani ɗan mai walda ne aka ɗauka a irin wannan matsayi: ka yi shekara guda kana kimiyyar gama-gari, lissafi da fiziks da kemistiri, in makinka ya kai sai ka cike fom a mayar da kai sashen da kake so. Gurbi ashirin ne kacal a injiniya, masu nema kuwa sun haura ɗari biyu. Tun ranar da takardar ɗauka ta iso 'yan layinsu suka raɗa masa Injiniya, uban ma ya zauna ya haɗa masa teburin zane na ƙarfe da hannunsa, ya shafe shi da shuɗin fenti. To ka san sunan da aka ba mutum kafin ya ci shi, nauyi gare shi. Sai ya ga tsayuwa a ɗakin gwaje-gwaje, yana ɗiga ruwa a kwalba yana jiran ya canja launi, ɓata lokaci ne ga wanda ya tashi cikin tartsatsin walda. Ga shi kuma ranar Talata da safe, daidai lokacin kemistiri, a lokacin ne 'yan aji biyu na injiniya suke shiga ɗakin injuna. Ya ɗinka rigar aiki irin tasu, ya bi sahunsu ya shige. Ba wanda ya hana shi, don wallahi hannunsa ya fi na kowa a wurin. Tsohon da ke kula da injunan ma shi yake kira ya nuna wa sauran yadda ake feƙe ƙarfe. Daga Talata abin ya ci Alhamis, ya haɗa da darasin lissafi. Can ana kiran sunansa shiru, nan kuma ga shi daram amma babu sunansa a takardar kowa. Sau biyu ina tare shi a baranda ina faɗa masa cewa hanyar da yake nema ta cikin ajin da ya baro ta bi. Ya yi mini murmushin nan na wanda ke ganin tsoho bai gane ba, wai gara ya saba da gidansa tun yanzu. Raina ya ɓaci na ƙyale shi, kuma ƙyalewar nan ita nake nadama.

Da shekara ta ƙare kwamitin duba sakamako ya zauna. Kai, kwamiti ai ba ya kallon hannu, takarda yake kallo. Kemistiri ya faɗi, don bai cika kwanakin halarta ba balle a duba abin da ya rubuta. Lissafi da ƙyar ya tsallake. Tsohon nan na ɗakin injuna ya cire rigar aikinsa ya sa ta Juma'a, ya hau bene ya roƙi shugaban sashen injiniya, yana rantsuwa bai taɓa ganin ɗalibi mai hannu irin wannan ba. Shugaban ya buɗe rajista ya bi ta da yatsa tun daga sama har ƙasa, ya ɗago ya ce, "Baba, wannan ai bai taɓa zama ɗalibinmu ba." Da ma a ce injiniyar kawai ya rasa, da da sauƙi. Makin nasa bai ma kai na ci gaba da zama a jami'ar ba, aka liƙa sunansa a allon sanarwa cikin waɗanda aka sallama. Wanda ya ɗauki gurbi na ashirin wani shiru-shiru ne da bai taɓa riƙe ko sufanar kwance noti ba, amma ko sau ɗaya ba a kira sunansa an ji shiru ba.

Bara na bi ta layinsu in ba da gyaran ƙofar gidana. Na same shi tsugune gefen ubansa yana riƙe masa ƙarfe, mutane na wucewa suna cewa sannu Injiniya, shi ko ɗagowa ba ya yi. Teburin shuɗi yana jingine a bakin zaure, uwar ta shanya kuɓewa a kai. Ban iya tsayawa ba, na ce zan dawo, kuma ban koma ba.

Don haka in ka koma gida ka faɗa wa 'yar taka ta zauna a ajin da ake kiran sunanta, ta amsa. Hausawa sun riga sun gama magana: hangen Dala ba shiga birni ba ne.