Littafin Da Aka Ajiye Mata

"Malam, wanda zai sa ni kuka nake so," in ji matar. "Tun da 'yata ta rasu, hawaye ya ƙi zuwa."

Mai laburaren ya ƙura mata ido. Bai ko dubi jerin littattafan ba, ƙarƙashin tebur ya miƙa hannu ya ciro labarin wata uwa da ta rasa ɗanta.

Tana buɗewa gabanta ya faɗi. An lanƙwashe kusurwar shafukan, halin da ta sha yi wa marigayiyar 'yarta faɗa a kai.

"Kamarku ɗaya da ita," ya ce. "Kullum daga asibiti nan take biyowa, sai da ta karance duk labaran rashi. Na ɗauka don kanta ne. Sai ta ce, 'Baba, ajiye wa Ummata wannan. Za ta zo.'"