Kujera Biyu

"Mama, ni a ina zan zauna?"

'Yata ce ta tambaya, tana leƙen jar motar da babanta ya sayo ta hannu, bayan ya sayar da tamu ta da. Rufinta naɗewa yake, kujerunta biyu kacal.

"Ke dai shafa ki ji santsi," in ji shi, yana dariya. "Makanike ya duba, inji lafiya lau."

Aikin gama dai ya riga ya gama.

Bayan wata uku, da rana tsaka, zazzaɓi ya rufe 'yar tawa, numfashinta na sarƙewa. Za a kai ta asibiti ana yayyafi, rufin motar kuma ya ƙi tasowa. Na so in riƙe ta a cinya, amma bel ɗin kujerar ɗaya ne, kuma na san gudun da babanta zai yi. Na zaunar da ita, na ɗaura mata bel, na lulluɓe ta da mayafina.

"Mama, ke fa a ina za ki zauna?"

Suka tafi, ina tsaye bakin ƙofa, takalminta ɗaya a hannuna.

Ɗan'uwa, kafin ka duba injin irin motar nan, ƙirga kujerunta, sannan ka ƙirga mutanen gidanka.