Gilashin Mukhtaru Mai Launi Bakwai

"Ku matso, ya hujjaj. Launi bakwai, albarka bakwai."

Mukhtaru ya ɗaga gilashi mai kusurwa uku a ƙofar shagonsa da ke titin Mansur, a ƙasa mai tsarki. Rana ta ratsa shi, launuka suka zuba a bango, alhazai suka yi cincirindo.

Hajiya Asiya ta ja tsaki. Shekara talatin tana koyar da kimiyya a Sakkwato, yau ga darasinta ana sayarwa da sunan karama.

"Miƙo biyu, Alhaji."

Ta tari rana da na farko, ta kifa na biyu a bayansa. Launukan suka haɗe, suka koma farin haske.

"Kun gani? Dama launukan a cikin hasken rana suke. Wannan gilashi ne kawai."

Ta gyara mayafi ta wuce, zuciyarta fes.

Washegari ta biyo ta wurin, ta tarar da layi har bakin titi, kowa bibbiyu yake saye. Ga sabon allo a ƙofa:

"Ɗaya yana tono sammu, biyu suna karya shi. Malamar kimiyya ta gwada a gaban jama'a."