Koren da Ke Jikin Bamba

Kwana uku Gwana ba ta leƙo gareji ba, sai da Kawu ya matsa mata da waya. An kawo baƙar jif, direban ya ce maigidansa yana son ta kafin azahar, kuma duk garejin babu mai hannunta a gyaran fenti.

"Ki yi haƙuri na taso ki," in ji Kawu. "Karce ne kawai a gefen bamban gaban motar. Ki shafe shi ki koma."

Gwana ta durƙusa, ta bi karcen da farce. Yana da zurfi, kuma wani koren fenti ya maƙale a cikinsa. Ta daɗe tana kallonsa. Da ta miƙe sai ta ce injin gogewarsu ya fara ƙona fenti, ba za ta ɗora shi a kan mota irin wannan ba, sai an sayo sabo.

Kawu ya san lafiyar injin ƙalau. Amma ya san taurin kan 'yar ƙanwarsa, sai ya ce ta je ta dawo da wuri.

A bakin titi ta tsaya ta yi waya, gajeruwa, sannan ta shiga shagon kayan aiki. Mai shagon ya ji bayanin karcen, ya sauko mata da inji mai juyi ɗaya.

"Wannan minti goma ya cinye shi."

"Mai juyi biyu nake so. Wanda yake juyawa yana kaɗawa."

"Haba 'yar'uwa, wannan ai na masu koyo ne. Lallaɓa fenti yake yi, sai ki wuni a kan ƙofa ɗaya."

"Shi za ka ba ni. Da soso mafi laushi."

Ta sa ya kunna guda huɗu, ta auna nauyinsu a hannu, ta saurari ƙarar kowanne, ta ja igiyarsu, har mai shagon ya gaji ya zauna. Ta ɗauki wanda ya fi kowanne sanyin jiki.

Da ta dawo, daga but, can bayan motar, ta fara. Ta yi ƙofofin baya, ta hau rufi, tana tafiya kamar hawainiya. Baƙin fenti ya dinga fitowa har mutum yana ganin haƙoransa a ciki. Direban yana kai da kawo, wayarsa tana ta ruri.

"Malama, bamba aka ce, ba wankan amarya ba."

"Zan zo wurin."

Azahar ta yi, ta wuce. Kawu ya jawo tsohon injin da kansa, ya nufi gaban motar. Gwana ta kashe nata, ta sha gabansa, ta jingina da bamban.

"Kawu, sai dai ka fara goge ni."

"Kin san ko motar wa ce? Garejin nan za ki sa a rufe mana."

"A rufe."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma matsa ba, har motar 'yan sanda ta shigo ta tare ƙofa. Direban ya zauna a kan tsohuwar taya, ya dafe kai.

Sufeto ya sunkuya ya duba karcen, ya tambaye ta yadda aka yi ta tabbata.

"Ba a sayar da wannan koren a ko'ina," in ji ta. "Ni na haɗa shi da hannuna, na fesa wa babur ɗin mijina, wanda aka banke aka gudu, yau kwana uku bai buɗe ido ba."