Wanda Ya Kashe Mata Gwiwa

Ko sallama uwar ba ta yi ba, ta banka ƙofar ofishin malamai tana janye da hannun 'yarta.

"Kai ne malamin ajinsu? Kai ka ce mata babbar jami'a ba ta irinta ba ce?"

Malamin ya ajiye jan bironsa. "Baiwar Allah, yi a hankali."

"Ba zan yi ba! Yarinya ta daina karatu, wai an ce mata ko ta nema ba za a ɗauke ta ba. Baƙin ciki kake yi don naka 'ya'yan ba su kai ta ba?"

"Ni da kullum nake binta ta nemi likitanci? Babu mai kamo ta a ajin nan."

Uwar ta juya kan 'yarta a fusace. "To wane mara mutuncin ne ya faɗa miki?"

Yarinyar ta zare hannunta.

"Ke ce, Umma. Ranar da kike waya da Inna, kin ɗauka ban dawo ba. Kika ce ba ni da ƙwaƙwalwar yayana, a dai bar ni in gwada don in huta."