Kwana Biyu a Genting

"Ki tafi da rigar sanyi, saman dutsen nan ba irin zafin garin nan ba ne," in ji Sakinatu, tana zuba wa Kausar shayi a falonta da ke unguwar Titiwangsa. Kausar sabuwar zuwa ce, gobe za su je Genting, wurin shaƙatawa a saman dutse, hutun kwana biyu da mijinta.

"Ku hau motar safe. Ku yi tapau, wato ku sayi abinci a ƙunshe muku, a unguwar Kampung Baru, na kan dutsen tsada. Sannan in kin ga ƙofa da masu gadi, ki ja mijinki ku wuce. Gidan caca ne."

Sakinatu ta san ƙofar nan. Ita ta kusa kashe mata aure, kafin mijinta, Baban Adnan, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ya bari, shekara biyu ke nan.

Kausar ta yi dariya. "Kada ki damu, Anti. Ai Baban Adnan ne ma ya ba mu ɗakin otal. Wai kyauta suke ba shi, tunda duk Asabar yana can."

Sakinatu ta ajiye butar a hankali. Duk Asabar ita ke ɗaure masa abinci, ta raka shi bakin ƙofa da addu'a, wai zai tafi laburare.